Ɗan Haya a Ƙasan Bene: Gyaran da Ke Toshe Hanyar Tsira Ranar Gobara

Yawancin masu neman haya a Gusau, in aka ba su zaɓi, ƙasan bene suke ɗauka. Ba hawa ba sauka, tsoho da mai ciki ba sa wahala, ruwa ya fi sauƙin isowa, kuma da bazara ƙasa ta fi sama sanyi. Akwai kuma lissafin da ake yi a zuci: in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, na ƙasa ne zai riga kowa fita. Wannan lissafi daidai ne a ranar da magina suka miƙa makulli. Amma bayan 'yan haya uku sun shiga sun fita, wannan ya sa mai walda ya rufe tagogi, wancan ya raba falo da falanki, na ukun ya mayar da barandar baya kicin, filat ɗin da aka zana da ƙofa biyu da taga takwas ya koma mai mafita ɗaya, ita ma da kwaɗo.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta mutum da iyalinsa shi ne wuta da hayaƙi sama suke yi. A gidan bene, na ƙasa shi ne murhu, na sama tukunya. Gidajen filat huɗu da ake ginawa a Samaru, Tudun Wada, Damba da sauran unguwanni galibi matattakala ɗaya gare su, kuma ƙofar na ƙasa dab da gindinta take buɗewa. Duk abin da ɗan hayan ƙasa ya canza, ya taɓa hanyar fitar mutanen da ba su san ma ya yi ba.

Lokacin da ake da shi kuma kaɗan ne. Ɗakin da ke da kujerun soso, katifa, labule da kafet na iya kamawa gaba ɗaya cikin minti uku zuwa biyar. Soso in yana ci yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, kuma hayaƙin ne ke kashe mafi yawan mutane kafin harshen wuta ya kai gare su. Mai barci kuwa hayaƙi ba ya tashinsa, ƙara nutsar da shi yake yi. Gobarar da ta ci rayukan almajirai 17 a Ƙaura Namoda a watan Fabrairun 2025 da dare ta tashi, suna kwance. Saboda haka duk gyaran da za a yi, da dare ya kamata a auna shi: ƙarfe biyu, an ɗauke wuta, ido ba ya ganin tafin hannu, yara suna kuka.

Me doka ta ce, kuma wa ke da hurumi

Ƙa'idojin ba a wuri ɗaya suke ba. Akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, wanda ya yi magana kan hanyoyin fita da kayan gini masu jure wuta, sai dai aiwatar da shi kan jihohi ya rataya. Akwai dokar tsara birane ta 1992, wadda ta ce sai da izini ake gini ko sauya amfanin da ake yi da gini, kuma a Zamfara hukumar tsara birane ta jiha ce ke ba da wannan izini. Aikin wayar lantarki yana ƙarƙashin hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, ita ke tantance masu wayarin. Mita da layin da ya shigo gida kuwa na kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, wanda ke ba Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Sannan ga 'yan kwana-kwana na jiha da na tarayya, waɗanda aikinsu bai tsaya ga kashe wuta ba, har da duba gini da ba da shawara.

Tsakanin mai gida da ɗan haya kuwa, asalin hukuncin a fili yake. Ɗan haya amfanin gida ya biya, ba gidan ba. Ba shi da ikon fasa bango, toshe ƙofa, huda dekin ko canza layin wuta sai da yardar mai gida, ko an rubuta haka a yarjejeniya ko ba a rubuta ba. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi a jihar bai saɓa wa wannan ba: gidan haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace haka kawai, amma in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, ramuwa ta hau kansa. Gobarar da ta tashi daga wayar da ya ja da kansa ba tare da izini ba, da wuya ya tsira da cewa ƙaddara ce.

Sai dai a nan mutane ke ruɗewa. Yardar mai gida ba ta mayar da haɗari ya zama ba haɗari ba. In ɗan haya ya ce, "Alhaji, ina so in ɗan rufe barandar nan ta baya," Alhaji ya ce, "Ba komai, gidanka ne," to an warware maganar hakki tsakaninsu, amma ƙofar baya ta toshe duk da haka. Kuma "ba komai" ta fatar baki ba ta da shaida ranar da aka je gaban alƙali.

Ƙarfen taga

Wannan shi ne babban lamari, kuma ba wanda zai ce wa mutumin Zamfara ya kwana da taga ba ƙarfe. Matsalar tsaro ce ta koro dubban mutane daga ƙauyuka zuwa cikin Gusau, kuma na ƙasan bene shi ya fi kusa da hannun ɓarawo. Bogilari dole ne. Abin da ba dole ba shi ne a yi masa walda a mace a kowace taga, a dasa ƙafafunsa cikin bulo a shafe da siminti. Irin wannan, ko maƙwabta sun taru da guduma da diga, kafin su ɓalle shi an gama. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ake bukata shi ne kowane ɗakin kwana ya kasance da taga ɗaya aƙalla da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ba da awo mai amfani ga tagar tsira: faɗi ko tsawo kada ya gaza santimita 45, faɗin ramin gaba ɗaya kada ya gaza 0.33 na murabba'in mita, ƙasan tagar kuma kada ya wuce santimita 110 daga daɓe. A aikace, a ce wa mai walda ya fitar da ƙofa mai santimita 45 da 75 ko fiye. A lura da tagar alminiyam mai turawa gefe: rabinta kawai ke buɗewa, don haka ƙofar ƙarfen ta zo daidai da ɓangaren da ke buɗewa, ba wanda gilashi biyu suka taru a kai ba. Ana yin wannan kuskure sosai, a ƙera ƙofa mai kyau a saitin gilashi.

Makullinta fa? Mafi kyau shi ne sakata daga ciki, a kewaye ta da akwatin ƙarfe ko a lulluɓe wajen da faranti, yadda hannu ko waya daga waje ba za su kai gare ta ba. Haka ba a bukatar makulli sam. In kuwa dole sai kwaɗo, to a sayi waɗanda makulli ɗaya ke buɗe su duka, a rataye makullin a ƙusa cikin ɗakin, nesa da tagar da kamar mita ɗaya, ƙasa-ƙasa inda yaro ɗan shekara bakwai zai kai. Ƙasa-ƙasa saboda hayaƙi daga sama yake cika ɗaki, mai fita rarrafe zai yi. Makullin da ke cikin jakar maigida, shi kuma yana Abuja, daidai yake da babu. Ƙurar hunturu tana cushe kwaɗo, damina ta sa tsatsa, don haka a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata ana ɗiga mai a hinjin.

Bayan nan a leƙa a ga ina tagar ke kai mutum. Lungun da ke tsakanin gini da katanga sau da yawa bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma nan ake ajiye tankin ruwa, kejin janareta, tsofaffin tayoyi da injin na'urar sanyaya ɗaki. In mutum ya fito ta taga ya tarar da keji a gabansa, katanga mai waya a bayansa, bai fita ba.

Ƙofar shiga ma tana da nata. Ƙofofin ƙarfe na zamani masu harsuna da yawa, in an murza makulli sau huɗu aka zare, sai an nemo shi a duhu. Ko dai a bar makullin a jiki duk dare, ko a canza kan makullin zuwa mai maɓallin murzawa daga ciki. Ƙaramin aiki ne, kafinta zai gama shi cikin minti ashirin. Haka get ɗin da ake sa wa a bakin matattakala: duk filat da ke sama sai ya riƙe makullinsa, kuma na ƙasa ba shi da hurumin ƙara nasa kwaɗon.

Raba ɗaki da toshe baranda

Iyali sun ƙaru, ko 'yan'uwa sun zo gudun hijira, sai a raba falo biyu da falanki da katako. Ɗakin da aka samu yawanci ba shi da taga, kuma ba a fita daga cikinsa sai ta falo, inda talabijin, caja da soket suka fi yawa. In wuta ta tashi a falon, na ciki ba shi da hanya ta biyu, bangon da ya raba su kuma shi kansa itace ne. In rabawar ta zama dole, a ja bangon yadda kowane ɓangare zai sami taga, a yi shi da bulo mai inci shida ko allon jifsam a kan firam na ƙarfe. A ƙasan bene nauyin bulo ba matsala ba ne, tunda a daɓe zai zauna, wannan gata ce da na sama ba shi da ita.

Barandar baya kuwa ita ce mafita ta biyu, kuma ita aka fi cinyewa. A rufe ta da bulo ko kwano, a kai tukunyar gas da buhunan gawayi, a jingina firiza a jikin ƙofar. Wurin da ya fi kowane saurin kamawa ya zauna ke nan a kan hanyar gudu.

Silin roba da ake yayi saboda arha da sauƙin gogewa, in zafi ya kai masa narkewa yake yi yana ɗiga da wuta a kan gado da kan mutane, hayaƙinsa kuma yana ƙona ido da maƙogwaro. Silin POP ya fi shi nesa ba kusa ba, domin jifsam kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke daskare a ciki, kuma sai wuta ta ƙone wannan ruwan kafin ta wuce. A ƙasan dekin ma ba lallai ba ne a yi silin, filasta da fenti sun isa.

Shi dekin ɗin, kankare mai kaurin inci shida da aka zuba yadda ya kamata yana tare wuta fiye da awa guda. Abin da ke karya shi huda ne. Mai famfo ya fasa ya wuce da bututu, mai sola ya fasa ya sauko da waya, mai dish ya fasa nasa, kowa ya cusa leda ko tsumma a gefen ramin ya tafi. Bututun roba yana narkewa ya bar rami a buɗe, hayaƙi ya bi ya shiga ɗakin kwanan na sama. Duk ramin da aka huda a cike gefensa da siminti da yashi har ƙarshen kaurin. Fila da bim kuwa, wato ginshiƙai da gadojin kankare da ke ɗauke da dekin, ba a sassaƙa su don binne waya. Kankaren da ya lulluɓe rodi shi ke kare shi daga zafi, kuma ƙarfe in ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Bangon da ɗan haya ke so ya cire don falo ya faɗaɗa, injiniya ne kaɗai zai ce ko yana ɗauke da bene, ba birkila ba.

Wayarin

Lissafin ba shi da wuya. Wutarmu bolt 230 ce, soket na bango kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato wat 3,000 a ƙurewa. Butar lantarki tana jan wajen wat 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye, hita ta dafa ruwa 1,000 zuwa 2,000, na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi sama da 1,000. Biyu daga cikin waɗannan a kan jona ɗaya na iya cika ta, kuma jona mai arha ta kasuwa ba ta ma kai amfiya 13 da aka rubuta a jikinta ba.

Wayar fitila mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, da bireka mai amfiya 6 ko 10. Ta soket 2.5 ce, da bireka 20 in layi ne miƙaƙƙe. Na'urar sanyaya ɗaki, hitar banɗaki da murhun lantarki kowacce layinta daban take so tun daga akwatin rarraba wuta, da waya 2.5, 4 ko 6 gwargwadon nauyinta. Abin da ɗan haya ke yi shi ne ya kira yaron mai wayarin ya jawo daga soket mafi kusa, wani lokaci ma daga layin fitila. Bireka ta fara faɗuwa, sai a cire ta a sa babba. Ita kuwa bireka waya take karewa, ba na'ura ba. In aka sa mai amfiya 32 a kan waya 1.5, wayar za ta yi zafi a cikin bango har robarta ta narke, birekar tana tsaye ba ta ji komai ba. Haka masu ɗaure fis da zaren waya.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa: haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Haɗi mai sako-sako yana zafi ko da nauyin bai wuce ƙima ba, don haka babu birekar da za ta faɗi. Alamarsa a soket ake gani. Farar roba ta fara yin ruwan ƙasa a gefen rami ɗaya, filogi ya yi ɗumi a hannu bayan minti goma, wani wari mai kama da na kifi ya riƙa tashi a ɗaki ba a san daga ina ba, ko a ji ƙara siririya kamar ana soya abu. In an ga ɗaya daga ciki, a kashe layin daga akwati, a canza soket ɗin, a yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke ƙyalli. A kuma yi hattara da wayar jabu, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe: in an kankare ta da wuƙa fari ke fitowa, kuma ta fi ta gaske rashin nauyi.

Yanayin wutarmu yana ƙara dagula abin. In ta zo ba ƙarfi, injin firiji da na famfo sai su riƙa gurnani suna zafi. In an ɗauke kuma, nan ne ake mantuwa. An jefa hita a bokitin roba da asuba lokacin sanyi, aka ɗauke wuta, aka fita aiki da makaranta. Ƙarfe goma aka kawo. Ruwan ya tafasa ya ƙone, hitar ta yi ja, ta huda gindin bokitin, ta sauka kan ledar ɗaki. Ba wanda ke gida. Dokar da ta fi kowace amfani a gida ita ce: da zarar an ɗauke wuta, a zare duk abin da ke zafi daga bango. Na'urar da ke katse wuta in ta fara zurarewa, mai awon miliamfiya 30, tana da amfani a akwati, amma ta fi aiki in gidan yana da wayar ƙasa ta gaske da rodin da aka binne, kuma wannan hakkin mai gida ne.

Janareta, sola da abin da ke ƙarƙashin matattakala

Ramin ƙarƙashin matattakala ba na kowa ba ne, shi ya sa na ƙasa ke mallake shi. Babur, jarkar fetur, janareta, kwalaye, tsohuwar katifa. Babu wurin da ya fi shi muni a duk gidan, domin in ya kama, hanya ɗaya tilo ta mutanen sama ta zama bututun hayaƙi. Wannan wuri ya zauna fanko, ko da mai gida ya ce a yi amfani da shi.

Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa da kamar mita shida, bakin salansa ya juya wa gini baya. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda a dare ɗaya. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Haɗa shi da gida kuma sai ta canjoba, wadda ke raba layin kamfani da na janareta. Masu cusa waya mai filogi biyu a soket, ranar da aka kawo wuta ba su kashe babban layi ba, wuta biyu za su yi karo.

Sola da inbata sun shigo da sabon haɗari da ba a saba da shi ba. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin in yana caji, kuma kashi huɗu cikin ɗari a iska ya isa ta kama, don haka ba a kulle shi a kabad ko a ɗakin kwana. Dole a sa fis ko bireka irin ta wutar batir dab da kan batirin, domin tartsatsinta in ya kama ba ya yankewa da kansa kamar na wutar kamfani. Kuma kada a jera batura a koridon da ake bi a fita.

Gas

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya zuba ba ya tashi, ƙasa yake bi ya kwanta, ya shiga magudanar ruwa da ƙarƙashin kabad. Kashi biyu zuwa goma cikin ɗari a iskar ɗaki ya isa ya fashe. Shi ya sa kicin ɗin da aka toshe wa taga, ko wanda iskarsa ta sama ce kawai, bai dace da tukunya ba. Gatar na ƙasa ita ce yana iya ajiye tukunyar kilo 12.5 a waje, cikin kejin da iska ke ratsawa, a inuwa, a tsaye, nesa da kwata da janareta, a shigo da bututun ƙarfe ta bango. Inuwar ba ƙawa ba ce: a watan Maris da Afrilu zafin Gusau yana haura digiri 40, kuma dalilin da ya sa ba a cika tukunya fiye da kashi 80 shi ne a bar wa gas wurin kumbura. Mai cewa a danna masa ta cika maƙil kansa yake cuta.

Tiyo ya zama na gas, ba na ruwa ba, gajere, da maɗauri na ƙarfe a kowane baki. A lanƙwasa shi a duba, in ya fara tsagewa a canza. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, ba da ashana ba. In an shigo an ji wari, kada a taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fita. Man gyaɗa in ya kama a kasko kuma ba a watsa masa ruwa, domin lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi lita 1,700 ta watso man mai ci har silin. A kashe murhu, a kifa murfi, a bar shi ya huce.

Kaskon rushi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, da na turaren wuta a ƙarƙashin kaya, da igiyar maganin sauro a gefen katifa, tsofaffin sanadi ne. Hadisi ya zo cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, Annabi (SAW) ya ce wuta maƙiyiya ce, in za a kwanta a kashe ta.

Mayar da ɗaki shago

Ɗakin da ke kallon titi yana jan hankali: a fasa ƙofa, a sa kanti, ko wurin cajin waya, ko tela, ko firiza uku na ƙanƙara da zoɓo. Wannan sauya amfanin gini ne, kuma izinin hukumar tsara birane yake bukata, ba na mai gida kaɗai ba. Wayar da aka ja don fanka da fitila ba ta ɗaukar firiza uku. Shago kuma da dare ba kowa a ciki, an kulle daga waje, kaya cike. In an yi shi, to a toshe ƙofar da ta haɗa shi da cikin gida da bulo, a ba shi layinsa da birekarsa. Sayar da fetur ko ɗura gas a ƙarƙashin inda mutane ke kwana kuwa ba shi da wani gyara, hani ne kawai.

Takardar da ya kamata a rubuta

Kafin a kira ma'aikaci, ɗan haya ya rubuta abin da zai yi, da ɗan zane ko da na hannu ne, da sunan wanda zai yi aikin da irin kayan. Mai gida, ba ejan ko mai kula da gida kawai ba, ya sa hannu da shaidu biyu. A fayyace wa zai biya, ko za a cire daga kuɗin haya, da kuma ranar tashi: za a bar gyaran ne ko za a mayar yadda yake. Abin da aka kafe a jikin gini, in ba a rubuta akasin haka ba, yawanci na gida ya zama. A ɗauki hoton waya da bututu kafin a shafe su da filasta. In aikin ya taɓa matattakala, dekin ko layin ruwa da wuta na kowa, a sanar da na sama tun kafin a fara.

Mai gida ma yana da nasa nauyin: wayar da ke cikin bango, akwatin mita, wayar ƙasa, da matattakala mai haske wadda ba a cushe ba. Dokar inshora ta wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke zama a ciki, har da gidajen haya, kuma akwai takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda ke gudun ta gargajiya. Amma inshorar gini ba ta biyan kayan ɗan haya, kuma gyaran da ba a sanar ba na iya zama hujjar ƙin biya.

Kayan da ɗan haya zai saya da kansa ba su da yawa. Na'urar jin hayaƙi mai batir, ɗaya a silin korido gaban ɗakunan kwana, ɗaya a falo, ba cikin kicin ba don kada tururi ya riƙa tayar da ita har a gaji a cire batirin. A danna ta duk wata, a canza ta bayan shekara goma. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo shida, a rataye kusa da ƙofar fita, ba bayan murhu ba. Daƙiƙa goma sha ne kawai take feshi, don haka gindin wuta ake nufa, mutum yana ba ƙofa baya. In ta ƙare wutar ba ta mutu ba, a fita, a ja ƙofa a rufe ba tare da kullewa ba, a buga wa na sama, a kira 112 da lambar ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, wadda ya kamata tana cikin wayar kowane babba a gidan. Rufe ƙofar nan ita ke hana hayaƙi cika matattakala kafin na sama su sauko.

Wanda kuma yake shirin kama haya yanzu, gyaran na gabansa zai gada. Kafin ya biya, ya gwada buɗe ƙarfen tagar kowane ɗakin kwana, ya leƙa ƙarƙashin matattakala, ya buɗe akwatin wuta ya ga ko akwai baƙin ƙuna ko fis da aka ɗaure da waya, ya tura ƙofar baya ya ga inda ta kai. Abin da ya gani ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a gyara kafin ya tare, domin lokacin da kuɗin shekara ke aljihunsa ne Alhaji ya fi saurarensa.